RA'AYINMU: Man da muke zubarwa da hannunmu

Duk wanda ya zauna a tashar mota ta Nima a Akara, ko ta Aboabo a Kumasi, ba zai tashi ba sai ya ji kukan direbobi a kan tsadar mai. Kukan nasu kuwa yana kan hanya. Tun shekarar 2015 da gwamnatin Ghana ta cire hannunta daga ƙayyade farashin mai, sau biyu a wata ake sake duba shi, gwargwadon yadda mai ya kama a kasuwar duniya da yadda sidi ya tsaya a gaban dala. Babu wanda ya manta da 2022, shekarar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da sidi 7 a watan Janairu zuwa kusan sidi 18 a watan Nuwamba, dizal kuma ya haura sidi 23. Gidaje da dama a zangonninmu, waɗanda tasi ɗaya ko tro-tro ɗaya ke ɗora musu tukunya, sun ji a jikinsu.

Farashin gidan mai dai ya fi ƙarfinmu. Amma akwai man da mu da kanmu muke zubarwa a kan titi kullum saboda sakaci da lafiyar mota, kuma a kansa muke son jan hankalin jama'armu yau.

A ƙaddara tasi tana shan lita 20 a rana, tana aiki kwana 26 a wata. Lita 520 ke nan. Idan rashin kula ya sa tana shan ƙarin kashi 5 cikin 100 kacal, lita 26 ce ke salwanta duk wata, wato fiye da man yini guda. A shekara sun zama lita 312. Kowa ya lissafa da farashin yau, zai ga kuɗin makarantar yaro ne ke fita ta salansa ya bi iska.

Ta ina man yake bi? Mu fara da taya, wadda ita ce mafi sauƙin gyara kuma aka fi wulaƙantawa. Taya tana rage iska a hankali ko da ƙusa ba ta soke ta ba, kuma tayar da ta yi laushi tana sa injin ya ƙara wahala wajen jan mota. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce daidaita iskar taya kawai na iya rage shan mai har da kashi 3 cikin 100. Yawan iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba a yawancin motoci, amma sai ka ga direba ya harbi taya da ƙafa ya ce ta yi. A auna ta da ma'auni, da safe kafin ta ɗauki zafi. Haka nan birkin da ke kamawa da ƙafafun motar da suka karkace, duk mai suke ci.

Sai baƙin mai. Kowane injin yana da kaurin man da masu ƙera shi suka tsara masa, kuma amfani da wanda ya dace yana rage shan fetur da kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Abin takaici, da yawanmu sai a saya daga cikin galan marar suna a bakin titi don ya fi araha, a kuma bar shi a injin har ya koma kamar kwalta kafin a yi juye. Araha dai ba ta ado. Filogi da ya ƙone shi ma yana sa fetur ya fita bai ƙone ba. Matatar iska kuwa, duk wanda ke bin hanyar Tamale zuwa Bolgatanga da hunturu ya san yadda ƙura ke toshe ta. A tsohuwar mota mai kafireto, toshewar na ƙara shan mai kai-tsaye. A sabuwa kuwa ƙarfinta take ragewa.

Sai dai ɓarnar da ta fi damunmu ita ce wadda ake yi da sunan gyara. Yawancin motocinmu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka da Asiya. Da zarar mota ta fara zafi, sai wasu makanikai su cire ɗan abin nan da ke daidaita zafin injin, wanda suke kira tamostat, su haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, su ce ai don ƙasashen sanyi aka sa shi. Wannan kuskure ne. An ƙera injin ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. Idan aka cire tamostat, injin yana daɗewa bai kai wannan zafin ba, kwamfutar motar kuma tana ɗauka har yanzu a sanyaye yake, sai ta ci gaba da tura masa mai fiye da kima. Ainihin ciwon kuwa, wanda galibi toshewar lagireto ne, ko yoyon ruwa, ko mutuwar famfon ruwa, yana nan ba a taɓa shi ba.

Haka ake yi da fitilar gargaɗi ta injin da ke allon gaban direba. Idan ta kama, wani ya manna mata takarda, wani ya cire ƙwan gaba ɗaya. Alhali sau da yawa tana nuna cewa na'urar da ke auna hayaƙi a salansa ce ta lalace, kuma ma'aikatar da muka ambata ta ce gyara irin wannan matsala na iya inganta shan mai har da kashi 40 cikin 100. Yau a Suame Magazine da sauran manyan garejoji akwai masu na'urar da ke karanta ciwon mota cikin mintoci, don haka babu sauran hujjar yin lalube a duhu.

To, me ya sa abin da kowa zai amfana da shi ya gagara? A ganinmu, tsarin da muke bi tsakanin mai mota da direba ne. Direba ke sayen mai daga aljihunsa, ya kawo wa mai mota kuɗin yini da aka yanka masa. Mai mota kuma shi ke biyan gyara. Saboda haka mai mota ba ya jin zafin man da ke zuba, sai ya yi ta ɗaga ranar sabis. Direba kuma ba ya son ajiye mota a gareji ya rasa aikin yini, sai ya yi shiru. Kowa na ganin ya yi wayo, har ranar da injin zai buga, iyalai biyu su zauna babu abin yi. Hausawa sun ce wanda ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa.

Don haka muna kira ga masu motoci da direbobinsu su zauna su yi yarjejeniya: a ware wani abu daga kuɗin kowace rana don sabis, a kuma yafe wa direba kuɗin yinin da mota ta shiga gareji. A ajiye ɗan littafi a mota, duk lokacin da aka cika tanki a rubuta lita da kilomita. Ranar da lissafin ya canza, an san akwai abin dubawa tun bai girma ba. Muna kira ga shugabannin tashoshi na ƙungiyar GPRTU su tanadi ma'aunin iskar taya a kowace tasha, su kuma hana ɗora wa mota kayan da suka fi ƙarfinta da barin injin yana aiki a banza ana jiran fasinja. Iyayen gidanmu makanikai kuma, waɗanda 'ya'yan zango da yawa ke koyon sana'a a hannunsu, su daina koya wa yara cire abin da ba su gane aikinsa ba.

Mota dukiya ce, ga da yawanmu kuma ita ce gonar gida. Mai motar da ya karanta wannan, ya nemi direbansa yau, su fara da zuwa wurin mai faci.