Kafin ka zuba kuɗinka a kan tsohuwar tafireta mai lantarki

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a yau shi ne abin da ya faru da wani ɗan uwana, mai sayar da wake da aya a yankin Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji. Ya je Maraɗi sarin kaya, sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar tafireta mai aiki da lantarki a rumfar 'yan gwanjo, an wanke ta, an fesa mata fenti, sai ƙyalli take yi. Ya saye ta da niyyar kafa wa ɗansa da ya gama makaranta tebur a bakin kasuwa, ya riƙa buga wa mutane takardu. Ranar da aka jona ta, ƙara ɗaya ta yi, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Ashe 'yar Amurka ce, an ƙera ta don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, alhali kuwa ta NIGELEC 220 ce.

Ban ga laifin niyyarsa ba. Duk wanda ke zama kasuwa ya san irin rigimar da rashin takarda ke jawowa. Hajiya ta ba da buhu goma na gero bashi a gaban shaidu biyu, kafin kaka ɗaya ya rasu, ɗayan kuma ya tafi cirani Libiya. Wani ya karɓi jinginar gona da fatar baki, bayan mai gonar ya kwanta dama magada suka ce ba su san zancen ba, duk da cewa tun 1993 dokar filayen karkara ta Nijar ta buɗe hanyar rubuta irin wannan ciniki a gaban kwamitin filaye. Yanzu kuma an koma dogaro da saƙon murya na WhatsApp, wanda ranar da waya ta ɓace ya bi ta. Tafireta kuwa, in aka sa takardar kabon, bugu ɗaya za ta fitar da kwafi uku: na mai kaya, na mai karɓa, da na mai gari. Haka nan tana cike fom ɗin da aka riga aka buga, aikin da ke ba masu kwamfuta wahala.

Kuma maganar gaskiya, waɗannan injuna abin sha'awa ne. Ɗauki IBM Selectric, wadda ta fito a Amurka a 1961. Maimakon sandunan nan da ke tashi suna sarƙewa da juna, wata 'yar ƙwallo ce mai haruffa 88 take juyawa tana dukan takarda, ita kuma takardar tana nan wuri ɗaya. Kafin a daina ƙera ta a 1986 an sayar da fiye da miliyan 13. Wanda ya taɓa jin sautinta a ofis a hannun ƙwararren akawu ba zai manta ba, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Shi ya sa a Turai da Amurka har yanzu akwai masu gyara su suna sayar wa masu sha'awar kayan da. To amma su don marmari suke saye, mu kuwa abinci za mu nema da ita.

A nan ne nake jan hankalin 'yan uwana 'yan kasuwa, domin fenti ba gyara ba ne. Injin da ke da dubban ƙananan sassa a cikinsa, ya yi shekara 40 maiko yana daskarewa, bel ɗinsa na roba ya bushe, ba goge bayansa ne zai tashe shi ba. Gyaran gaskiya shi ne a buɗe shi, a wanke tsohon maiko, a canja bel, a daidaita dukan haruffa. Ka tambayi mai sayarwa wa ya yi gyaran, kuma ina za ka same shi in ta tsaya. In ya fara kame-kame, kifi ne a ruwa yake son sayar maka. Kada ka biya ko dala sai an jona ta a gabanka, ka buga shafi guda cur, ka kuma duba ɗan allon da ke jikinta inda aka rubuta ƙarfin wutar da take sha.

Babbar matsalar ma ita ce wutar kanta. Layin da ke ba jihar Maraɗi lantarki daga Katsina yake shigowa, ya biyo ta Gazawa. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A watannin nan masu teburin tafireta ta hannu ba su fasa aiki ba ko na yini ɗaya. Wani zai ce ai akwai sola. Haka ne, sai dai irin su Selectric da zarar an kunna su motarsu ba ta daina juyawa, ana bugu ko ba a yi, ga kuɗin batir da na inbata. Ka lissafa takarda nawa za a buga a ranar kasuwa kafin kuɗin nan su dawo.

Sai kuma haruffa. Yawancin kayan da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa na Ingilishi ne, layinsu na sama ya fara da QWERTY, babu é, babu è, babu ç. Takardar da za a kai ofishin magajin gari ko kotu a Agye ko Gidan Rumji kuwa galibi da Faransanci ake buga ta, saboda haka wadda ta fara da AZERTY ita ce ta aikinmu. Haruffanmu masu lanƙwasa, su ɓ da ɗ da ƙ, da wuya ka same su a kowace iri, sai dai a bi su da alƙalami kamar yadda akawunan da suke yi.

Ribin ɗin tawada ma abin tambaya ne tun kafin ciniki. Da yawa daga masu lantarki ribin ɗinsu na leda ne da ke cikin kaset, bi ɗaya yake yi ya ƙare, kuma kowane inji da irin nasa. Bugu da ƙari, duk abin da aka buga yana nan a jikinsa ana iya karantawa, wanda ya tsince shi a bola ya san wa ake bin bashi da nawa. Na tafireta ta hannu kuwa ƙyalle ne, ya je ya dawo har sai ya koɗe.

A ganina, mai shago a cikin Maraɗi da ke da janareta da makaniki kusa, in ya samu mai lantarki ta 220 da aka gyara da gaske, ya saya, zai ji daɗinta. Amma teburin bakin kasuwa a Cadakori ko Gazawa, Olympia ko Olivetti ta hannu ya fi dacewa da shi. Ita ɗan uwan nawa ya koma ya sayo daga baya, yaron kuma yana nan yana buga takardun haya da na bashi. Waccan mai fentin tana kuryar ɗaki an lulluɓe ta da buhu.