Wayar Salula Da Masu POS A Kasuwannin Arewacin Zamfara: Amfani Da Haɗarinsu

Duk wanda ya daɗe yana cin Kasuwar Daji da ke Ƙaramar Hukumar Ƙauran Namoda, ko kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, zai iya tuna lokacin da fatake ke ɗaure kuɗi a lalita su rufe da babbar riga. A yau, manomi kan sayar da buhunan wake ko bijimin sa, ya koma gida babu ko sisi a aljihunsa, domin kuɗin sun shiga asusun da ke cikin wayarsa. Wannan sauyi bai faru da dare ɗaya ba, kuma ya dace jama'a da jami'an ƙananan hukumomi su san yadda aka zo nan da kuma inda haɗarin yake.

Idan za a iya tunawa, a shekarar 2001 ne kamfanonin MTN da Econet, wanda a yau ake kira Airtel, suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, sannan Glo ya biyo baya a 2003. Amfanin farko da ɗan kasuwa ya gani shi ne sanin farashi. Kafin ya yi lodin hatsi daga Zurmi, yana iya bugawa Gusau ko Dawanau a Kano ya ji yadda kasuwa ta kwana. Ƙauran Namoda ta san darajar hanyar ciniki tun 1929 da layin dogo ya iso ta daga Zariya, sai dai hanyar wannan zamani ba a ganin ta da ido.

Ba mu san yadda muka dogara da ita ba sai da aka rufe ta. A farkon watan Satumba na 2021, bisa roƙon gwamnatin jiha ta wancan lokaci ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanoni su katse sabis a faɗin Zamfara domin taimaka wa jami'an tsaro wajen yaƙi da 'yan bindiga. A daidai lokacin an dakatar da kasuwannin mako-mako. An mayar wa Gusau sabis a farkon Oktoba, amma sauran yankuna sun jira har ƙarshen Nuwamba. Ko mene ne ra'ayin mutum game da matakin ta fuskar tsaro, ta fuskar kasuwanci darasin a fili yake: na'urar POS ba ta aiki sai da sabis, don haka mai kuɗi a asusu ya zama tamkar maras shi, har sai ya yi doguwar tafiya zuwa inda waya ke kamawa.

Jarrabawa ta biyu ta zo ta ɗaya gefen. A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙamfa, har ta kai ana sayen naira da naira. Jihar Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023 cewa tsoffin takardun su ci gaba da aiki. Amma kafin hukuncin, ɗabi'ar mutane ta riga ta sauya. Yayin da manhajojin manyan bankuna ke sarƙewa, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka samu shiga, domin tura kuɗi ta hannunsu ya fi sauri. Mahauci da mai shayi da dillalin dabbobi duk suka buɗe asusu.

A nan ne ya kamata a yi adalci ga waɗannan kamfanoni. Rassan banki a wannan yanki kaɗan ne, kuma hanyoyinmu ba su da cikakken aminci. Ɗan kasuwar da ya daina yawo da miliyoyi a jiki ya rage wa kansa babban haɗari. Matasa da dama kuma sun samu abin yi ƙarƙashin laima da ɗan teburi. Sai dai kamfani ba ƙungiyar agaji ba ce. Riba yake nema, kuma kowane mataki akwai ladarsa. Mai POS yana cire nasa. Daga Disamban 2024 aka faɗaɗa harajin naira 50 kan tura naira 10,000 zuwa sama ya haɗa da waɗannan kamfanoni. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ga babban dila wannan ba komai ba ne, amma ga matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ribarta ce ake gutsura.

Babbar matsalar da ke addabar kasuwa ita ce alat na bogi. Mai saye ya nuna hoton shaidar biya a wayarsa, ko saƙo ya shigo mai kama da na banki, a ɗora masa kaya, sai da yamma a tarar babu abin da ya shiga. Shaidar biya guda ɗaya ce: mai kaya ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun ƙaru. Wanda bai iya karatu ba ya nemi ɗansa ko amintaccensa, amma kada ya karanta wa kowa lambar sirrinsa, ko da mai POS ɗin ɗan unguwa ne. Haka nan duk wanda ya bugo waya yana cewa shi ma'aikacin banki ne, yana neman lambar BVN ko lambar da aka turo ta saƙo, ɓarawo ne.

Shafukan sada zumunta ma sun shigo kasuwa. A WhatsApp da Facebook ana tallar raguna da atamfa da takin zamani, kuma ana samun ciniki. Amma ta nan ne jita-jitar hari kan watsa kasuwa tun kafin azahar, ta nan ne kuma ake tallar harkokin ninka kuɗi. Waɗanda suka manta da MMM na 2016 sun sake ganin irinsa a Afrilun 2025 lokacin da CBEX ya rushe da dukiyar jama'a. Abin mamaki, ba jahilai kaɗai ke faɗawa ba, har da masu albashi.

Hukumomi sun ɗauki wasu matakai. A 2024 an wajabta wa masu POS yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, an kuma rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba bayan wa'adin watan Satumba. A shekarar ce Hukumar Inshorar Ajiya, NDIC, ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci da naira miliyan 2 a ƙananan bankuna. Wannan lamuni na aiki ne idan banki ya durƙushe. Ba ya biyan wanda aka damfara.

Abin da ya rage yana hannun ƙananan hukumomi da sarakunan kasuwa. Ya dace kowace kasuwa ta mallaki rajistar masu POS da ke aiki a cikinta, da suna da rumfa da kamfanin da kowa ke wakilta, ta yadda idan rigima ta taso za a san wanda za a nema. Hakimai da dagatai kuma su sa ido kan turakun sadarwa da ke yankunansu, domin satar batir ko man janareta a turke ɗaya na iya tsayar da cinikin gari guda a ranar kasuwa.