Aikin Aisha Lemu da iyayen marayun Kwali

Ranar 5 ga Janairun 2019 Allah Ya yi wa Hajiya Aisha Lemu rasuwa a Minna tana da shekara 78. A Ingila aka haife ta a 1940, ta musulunta a 1961, ta iso Kano a 1966 ta kama koyarwa, sannan ta auri Sheikh Ahmed Lemu a 1968. Daga zuwanta ƙasar nan har komawarta ga Mahalicci, sama da shekara 50 ke nan, hidimar mata da yara ce ta cinye ƙarfinta. Ta shugabanci kwalejin 'yan mata ta gwamnati a Sakkwato, ta shugabanci kwalejin horar da malamai mata a Minna, ta rubuta littattafan addini da 'yan sakandare suka yi karatu da su, ita ce kuma Amira ta farko ta ƙungiyar mata Musulmi ta ƙasa, FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985. A cikin wannan hidima ta haihu, ta yi reno, ta yi tarbiyya. Mata masu tausayi irin nata ba su ƙare ba, kowace unguwa tana da nata. Abin da ta samu wanda akasarinsu ba su samu ba shi ne tsari: ƙungiya mai shugabanci da asusu da rassa, wadda ta ci gaba da tafiyar da makarantu da asibitoci bayan an kai mai ita makwanci. Ra'ayina shi ne wannan tsarin ne ya kamata hukuma ta gina wa matan karkara, kuma yankin Kwali da ke Babban Birnin Tarayya wuri ne da ya dace a fara.

Na zaɓi Kwali ne domin ta san yadda Nijeriya ke karrama mace. Ladi Kwali, mai ginin tukwane da ta rasu a 1984, hotonta na jikin takardar naira 20, akwai kuma titi mai sunanta a tsakiyar Abuja. Ta cancanci wannan da fiye da shi. Amma wanda ya bar titin Abuja zuwa Lokoja ya shiga ƙauyukan Pai, Dafa, Yebu, Wako ko Ashara zai tarar da wasu matan da babu wanda ya rubuta sunansu ko a takardar ofis. Akwai ungozomar da ake tayarwa da tsakar dare. Akwai gyatumar da ta rungumi jaririn da uwarsa ta rasu wurin haihuwa, ta haɗa shi da jikokinta a kwano ɗaya. Akwai matan zumunta na coci da matan islamiyya da ke karo-karo don kai mai naƙuda asibiti, da masu leƙa mazauna Yangoji da cutar kuturta ta bar musu tabo. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, haka ma dokar hana cin zarafi ta 2015, amma doka ba ta da ƙafar shiga gida ta ga yaron da ake bari da yunwa. Waɗannan matan ne ke shiga. In mace ɗaya daga cikinsu ta tsufa, idonta ya yi rauni, aikin ya tsaya ke nan, domin ba ta da magajiya, ba ta da ko kuɗin mota.

Ba baƙon tunani ba ne wannan a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fahimci cewa mace ɗaya ba za ta kewaye ƙauyukan daular Sakkwato ba. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa alamar izini, suka riƙa ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa matan karkara, suna kuma kula da marasa lafiya da gajiyayyu. Ta horar, ta ba da matsayi, ta sa aikin ya zama na jama'a, shi ya sa ya rayu bayanta.

Na san abin da wasu za su ce: aikin lada ne, in aka sa kuɗi a ciki ikhlasi ya tafi. Ban raina wannan tsoro ba, don mun sha ganin tallafi ya faɗa hannun 'yan siyasa ya koma rabon 'yan gaban goshi. Sai dai addinin da ake kafa hujja da shi ya ware wa ma'aikatan zakka kaso daga cikin zakkar kanta, kuma babu malamin da ya ce hakan ya zubar musu da lada. Likita na karɓar albashi, limamin gari ana kula da shi. Me ya sa sai uwar marayu ce kaɗai za a gwada ikhlasinta da talauci? Wasu kuma za su ce wurin uwa shi ne gidanta, hidimar waje tana cin tarbiyyar 'ya'ya. Rayuwar Aisha Lemu ta amsa wannan, tunda 'ya'yanta yau suna cikin masu ilimantar da al'umma. Gaskiyar ma ita ce matar da aka bari ta ciyar da marayu daga ɗan cinikin dawa ko doyarta, ita ce gidanta ke shan wahala.

Hujja mafi nauyi ita ce ta kuɗi. Majalisun yankunan Abuja sun bar malaman firamare sun shafe watanni suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi, to ina za su samo na wani sabon nauyi? Tambaya ce ta gaskiya. Amma abin da ake nema bai kai gina sakatariya ba. Mazaɓu 10 ne a Kwali. Ana iya zama da sarakuna da limamai da fastoci a tantance matan da kowane ƙauye ya riga ya amince da su, a rubuta sunayensu, a ba su horo a cibiyoyin lafiya na matakin farko, a haɗa kowace da jami'in jin daɗin jama'a da za ta kira in lamari ya fi ƙarfinta, a ba ta ɗan alawus da katin inshorar lafiya, a kuma haɗa ta da matashiyar da za ta koya a hannunta. A bar zaɓen a hannun jama'ar ƙauye, kada kansila ya kawo jerin sunaye daga aljihunsa. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su tafi hannunsu kai tsaye, don haka uzurin rashin iko ya ragu.

Ina kira ga shugaban majalisar yankin Kwali da kansilolinsa da su sa wannan a kasafin kuɗi mai zuwa, ga reshen FOMWAN na Abuja da shugabannin zumuntar mata kuma su kai musu buƙatar a rubuce tare, su bi sawunta har sai an amsa.