Matsalar wurin kwana ga matafiya a kan hanyar Tambuwal

Idan magariba ta yi a kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega da Yawuri, tambayar da ke gaban kowane direba ita ce inda zai kwana. Tireloli masu ɗauke da shanu da hatsi da albasa zuwa kudu kan jeru a bakin titi ko harabar gidajen mai, direba ya kwanta cikin mota, yaran mota kuma su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta.

Ga 'yan kasuwar ƙaramar hukumar Kebbe, wadda ke gefe da babbar hanyar, lamarin ya fi tsanani. Hare-haren 'yan bindiga da suka kai wasu ƙauyukan yankin a 'yan shekarun nan sun sa tafiyar dare ta zama kasada, saboda haka duk wanda dare ya riske shi a Tambuwal tilas ya jira wayewar gari.

Wani abin lura shi ne ƙasar Hausa ta taɓa samun maganin wannan matsala. A ƙarni na 19, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro, waɗanda da yawansu ke bi ta kasuwar Jega, kan sauka ne a zango a bayan gari, inda akwai ruwa da abinci da wurin ɗaure jakuna. Madugu ya san tazarar da ke tsakanin wannan zango da na gaba, sarkin zango kuma shi ke da alhakin baƙo da dukiyarsa. Daga nan ne unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara suka samo sunan Zango. Wannan alhakin shi ne ya ɓace: a yau direba kan biya mai gadi 'yan kuɗi, amma idan aka kwashe masa kaya babu wanda zai tuhuma.

A Faransa da Jamus ƙananan hukumomi da dama sun keɓe filaye masu ruwa da lantarki domin masu yawon buɗe ido da ke kwana cikin motocinsu. Dokar Tarayyar Turai kuwa ta wajabta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin sa'o'i huɗu da rabi. A nan gyangyaɗi ne kawai ke tsayar da direba.

A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068. Ko da an kammala ta, motocin Kebbe da Tambuwal za su ci gaba da bin tsohuwar hanya. Fili mai katanga da fitila da rijiya da masallaci, da wanda za a riƙe idan kaya suka salwanta, bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin biyu da ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW ba.