Lafiya Uwar Jiki: Sauƙi Ba Warkewa Ba Ne

Jama'a, sau da yawa akan ji an ce, "Ai jiya ma da sauƙi, har ya ci tuwo, sai ga shi yau ya faɗi." Daga nan sai a shiga zargin jifa ko sammu. To, cikin irin wannan mutuwa akwai wadda likitoci suka daɗe da sanin sanadinta, watau fashewar bangon zuciya bayan toshewar jijiyarta. Tun a 1647 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana ta.

Ga yadda abin yake. Zuciya tsoka ce, tana kuwa da jijiyoyinta masu ciyar da ita. Idan gudan jini ya toshe ɗaya, naman da take ciyarwa sai ya mutu. Jiki yakan shiga kwashe mataccen naman, amma tabon da zai maye gurbinsa ba ya ƙwari sai bayan makonni kamar 6. A tsakani wurin yakan yi laushi kamar ginin ƙasa da ya sha ruwa, alhali zuciya ba ta daina bugawa ba. Saboda haka an fi samun fashewar a makon farko, musamman kwana na 3 zuwa na 5.

In bangon waje ne ya tsage, jini yakan cika jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta, cikin mintoci kaɗan rai ya yi halinsa. In kuwa shamakin tsakiya ne, ko tsokar da ke riƙe da murfin ƙofar jini, numfashi yakan sarƙe, sai fa tiyatar gaggawa. Tsofaffi da mata da masu hawan jini sun fi shiga haɗarin, haka nan wanda aka yi jinkirin kai shi asibiti.

Tun da aka soma buɗe jijiyar da wuri, da allura ko da siririn bututu, fashewar ta ragu ƙwarai. Don haka ciwon ƙirji mai danna mutum, da zufa, da tsamin hannun hagu, kada a ce gyambon ciki ne a kwana da shi. Wanda aka kwantar kuwa, kada dangi su matsa a sallame shi don ya ce ya ji sauƙi. A rage masa 'yan dubiya, a bar likita ya faɗi ranar komawa gida.

Sai mako mai zuwa.