Kafin ka ɗauki kyanwa ko kwikwiyo a makaranta, wa za ka bar wa ranar tafiya gida?

Zuwa ga 'yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Kwanan nan kiwon kyanwa ya zama yayi a tsakaninmu. Kana leƙa WhatsApp za ka ga wata ta ɗora 'yar kyanwa a kan littafi tana ɗaukar hoto, wani kuma ya sa kwikwiyo a kwalin indomi yana cewa ya yi sabon ɗan ɗaki. Ba cewa zan yi a daina ba, don gidan da nake haya ma akwai kyanwa, kuma na san daɗinta. Lissafi kawai nake so mu yi. Digiri na biyu shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu, na farko huɗu zuwa shida. Kyanwar da ake kula da ita kuwa tana kai shekara 12 zuwa 15, kare kuma 10 zuwa 13. Ke nan za ka gama karatu, ka yi bautar ƙasa, wataƙila har ka yi aure, dabbar da ka ɗauka yau tana nan da ranta tana buƙatar abinci. Don haka ra'ayina shi ne, duk wanda ba shi da amsar "wa zai riƙe ta in na tafi?", to bai kamata ya ɗauka ba.

Bari in fara da daɗin, don kada a ce ni maƙiyin kyanwa ne. Wanda bai yi karatu nesa da gida ba, ba zai gane kaɗaicin da ke ciki ba, musamman mu 'yan mastas da ba mu da ayarin 'yan aji irin na digirin farko. Ka dawo daga wurin sufabaiza ya cika maka babi na biyu da jan biro, an ɗauke wuta, kuɗin data ya ƙare, ba wanda za ka yi wa Hausa. A irin wannan daren, wani abu mai rai ya zo ya goga kansa a ƙafarka, wallahi ba ƙaramin abu ba ne. Tamu kyanwar Hajiya muke ce mata, saboda yadda take tafiya kamar ita ta gina gidan. Ba ta gaishe da kowa, amma ta san ƙarar buɗe gwangwanin kifi ko da tana bayan gida uku.

Ɓarnarta kuwa sai wanda ya gani. Duk faɗin ɗaki ba ta ga wurin kwanciya sai kan madannan kwamfuta, kuma sai lokacin da kake rubutu. Ta cinye wayar caja biyu. An aiko wa wani ɗan gidanmu kilishi tun daga Kano, ya ɓoye saman durowa yana lissafin zai kai shi sati, da safe sai takardar ya tarar. Ka shimfiɗa darduma ka je alwala, kafin ka dawo ta riga ka. Wata rana kuma ta ajiye maka rabin ƙadangare a bakin ƙofa ta zauna tana jiran godiya. Ga muzuran unguwa da ba sa tashi kukan jarirai sai daren jarrabawa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: wa ya ce ka ajiye kilishi a ɗakin da ke da kyanwa?

Kuma tana da amfanin da ya wuce wasa. Tun da ta zo, ɓera ya daina yi mana ɓarna a garin kwaki da takardu. Wannan ba ƙaramar riba ba ce a ƙasar da ke fama da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Ana kamuwa da shi ta abinci ko kayan da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya taɓa, kuma Ondo da Edo da Bauchi na cikin jihohin da ya fi addaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida, tare da rufe abinci da tsabta.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ɗalibin da gidansu ke garin da yake karatu, in an yi hutu sai ya sa kyanwarsa a kwando ya hau keke-napep. Mu fa? Daga nan zuwa Sakkwato ko Katsina ko Maiduguri yini guda ne a mota, wani lokaci har da kwana. Wane direba ne zai bar ka ka shiga da kyanwa tana kuka tun daga tasha? In ma ya bari, za ta iya jure zafin da matsin? Shi ya sa mafi yawa ake barin su. A gidanmu wani ya tafi hutun Sallah ya kulle 'yar kyanwa a ɗaki da kwanon abinci da na ruwa, wai kwana huɗu zai yi. A kwana na shida kukanta ya koma kamar numfashi, sai da muka kira mai kula da gidan aka ɓalle kwaɗon. Ta rayu, amma da ƙyar take tsayuwa. Shi mai ita ba mugu ba ne, yana sonta ƙwarai. Kawai bai sa a lissafi cewa tafiya gida ba ta da alƙawari ba.

Kuma mu ɗaliban jami'ar gwamnati mun fi kowa sanin haka. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya fara ne ranar 14 ga Fabrairu a matsayin gargaɗi na sati huɗu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas. Wanda ya tafi da jaka ɗaya yana cewa yanzu zan dawo, ina kyanwarsa ta kwana? Duk mun taso muna jin hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Mun haddace shi tun a Islamiyya, amma ba ma tuna shi ranar da muke murɗa makulli za mu kama hanya.

Na san wani zai ce ai kyanwa ba ta mutuwa da yunwa, a buɗe mata ƙofa kawai ta nemi na kanta. Wannan gaskiya ne a kan kyanwar da ta tashi a titi. Wadda ka raina a ɗaki tun tana 'yar mitsitsiya ba ta san mota ba, ba ta san karen maƙwabta ba, ba ta san wane ɓera ne ya ci guba ba. Ga kuma wasu maƙwabta, a nan da can gida duka, da ke kallon kyanwa, musamman baƙa, a matsayin mayya ko aljana, su bi ta da jifa. Ka saba mata da hannu sannan ka watsar da ita, ai ka cuce ta sau biyu.

Akwai kuma lissafin haihuwa. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin sati tara ne kacal, tana haifar uku zuwa biyar, kuma tana iya yi sau biyu ko uku a shekara. Wadda ka ɗauka a zangon farko, kafin ka kare kundinka ta zama kaka. Ƙarshen 'ya'yan kowa ya sani: a zuba su a kwali a kai bola da dare. Likitocin dabbobi suna yin aikin hana haihuwa ga mace da dandaƙa ga muzuru, kuma jami'o'i irin na Ibadan, Abeokuta, Nsukka da Zariya suna da asibitin koyarwa na dabbobi. In kuɗin aikin ya fi ƙarfinka, to ka sani 'ya'yan ma za su fi ƙarfinka.

Wani baƙin cikin kuma daga ƙauna yake fitowa. Kyanwa ta yi laushi, sai a ɓare mata farasitamol don tausayi. Don Allah kada a yi. Jikinta ba ya iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Madarar da muke ganin ita ce gatan kyanwa, manyansu da yawa zawo take sa su. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa da kare, ga shi mu ba ma girki sai da su, don haka ragowar miya kullum ba abincinsu ba ce. Cakulan ma guba ne ga kare. Sannan in za a sa maganin ɓera ko a fesa fiya-fiya a gidan haya, a sanar da mai dabba tukun. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kiwo yana zuwa da maganin tsutsa, maganin ƙuma da kaska, da allura.

Sai maganar kare. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu tsoronsa muke yi. Wa bai taɓa ganin ɗan uwanmu da babbar riga yana tsere da karen mai gida ba? Gudun nan kuwa shi ke sa kare ya bi ka. In ka tsaya cak, ka kawar da ido, ka ja da baya a hankali, galibi zai ƙyale ka. Amma tsoro ba lasisin zalunci ba ne. A can gida ma mafarauta da makiyaya suna riƙe karnuka, kuma shari'a ta yarda da riƙonsa don farauta da tsaron dabbobi da gona. A Malikiyya da yawancinmu muka taso a kai, kare mai rai ba najasa ba ne. Kuma duk mun san labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. To daga ina muka samo jifansa don nishaɗi?

Duk da haka, in ka tambaye ni, ɗaki ɗaya na ɗalibi ba wurin kare ba ne. Kwikwiyon da ke cikin kwali yau, nan da wata shida cikinsa ya fi naka ci, yana son fili, yana son yawo kullum, kuma maƙwabtanka da ke salla a tsakar gidan suna da haƙƙi. Masu saye a bakin titi kuma su sani akwai cutar amai da zawon jini da ke kashe kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba cikin 'yan kwanaki. Na ga ƙato ya zauna a bakin ƙofa yana share hawaye a kan wannan, ba wanda ya iya yi masa dariya.

Abu mafi haɗari shi ne cutar haukan kare. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Kyanwa ma tana iya ɗauka ta yaɗa. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, kusan ba a tsira. Sau da yawa sai bayan wata biyu ko uku alamun ke fitowa, lokacin ciwon ya warke an manta. Abin takaicin shi ne rigakafin ya daɗe da samuwa, tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada shi a kan mutum a Faransa, kuma a nan gida cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana haɗa na karnuka. In kare ko kyanwa ta cije ka ko ta yaƙushe ka har fata ta buɗe, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ka tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko man zafi, kada a ce ai ɗan ƙaramin ciwo ne. Mai dabba kuma ya kai ta allura tun tana wata uku, ya riƙa sabuntawa duk shekara, ya ajiye katin.

Akwai masu cewa mutane na kwana da yunwa kana mana maganar kyanwa. Na yarda rayuwa ta yi tsada, ni ma da garin kwaki nake ƙarasa wata. Amma ai wannan hujjata ce. Ba wanda ya tilasta maka ɗauka. In aljihunka ba zai iya ba, ka bar ta wurin uwarta, ko ka riƙa ajiye wa na unguwa ruwa da ƙashin kifi a bayan gida, ka samu ladanka ba tare da ka ɗora wa kanka amana ba. Wanda kuma ya riga ya ɗauka, tsadar rayuwa ba ta sauke masa nauyin.

Ga abin da nake roƙo kafin hutu mai zuwa. Duk mai dabba ya samu mutum takamaimai da zai bar wa, ya tambaye shi baki da baki, ya bar masa makulli da kuɗin abinci, ba wai ya aiko saƙo daga tasha ba. Mu 'yan mastas da 'yan digiri na uku da yawanmu ba ma tafiya saboda aikin bincike, a tuntuɓe mu. Ni dai zan iya riƙe kyanwa ɗaya, in Hajiya ta amince. 'Yan ajin ƙarshe kuma tun yanzu ku fara neman wanda zai gaje ta, kada ku bari sai ranar kwashe kaya. 'Yan uwanmu da ke zaune a Sabo, masu shago da masu iyali, da yawansu suna neman kyanwa saboda ɓera, a tambaye su. Shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa, yadda kuke rubuta sunayen masu tafiya a mota ɗaya, ku ƙara shafi guda na masu zama da za su iya kula da dabbar wani.

Wanda ya san yana da kyanwa ko kwikwiyo kuma bai da wanda zai bar wa, ya yi magana tun yanzu, ba abin kunya ba ne. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai kowa gida lafiya.