Kirarin Malamai Ya Wuce Gona da Iri

 

'Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a majalisun wa'azinmu, kuma na gaji da kawar da kai. Kafin malami ya buɗe baki, sai mai gabatarwa ya karɓi lasifika ya yi ta jero laƙubba: Allama, Bahrul Ilmi, Zakin Sunna, Garkuwar Musulunci. Malam na zaune yana murmushi, jama'a na ta kabbara. Da muna ganin laifin maroƙan fada da ke wasa sarki don a ba su riga. To mene ne bambancinmu da su, in ban da cewa mu da Larabci muke yin namu roƙon?

Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya tona asirin wannan cuta a Ihya'u Ulumid Din. A bayaninsa, mutum yana jin daɗin yabo ne saboda yabon yana sa shi jin cewa shi kammalalle ne, musamman a kan abin da shi kansa yake kokwanto. Sannan yabo yana nuna masa cewa ya mallake zuciyar mai yabon, kuma zai farauto masa zukatan masu sauraro. Shi ya sa yabo a gaban taro ya fi na ɗaki zaƙi. Son mulki ne ya shafa turare ya ɗaura rawani.

Illar kuwa a fili take. Malamin da ya saba da kirari ba ya iya cewa "ban sani ba", domin teku ba ta ƙafewa. In an yi masa gyara, sai almajirai su yi ca a kan mai gyaran kamar ya taɓa addini. A hankali sai ya riƙa zaɓen maganar da za ta jawo kabbara, ya bar wadda za ta gyara mutane. Almajiri kuma ya kwaikwaya: ya haddace hadisi biyar, ya buɗe shafi a Facebook, ya kwana yana ƙirga waɗanda suka ce masa "Ma sha Allah Shehi".

Za a ce ai girmama malamai wajibi ne. Haka ne, ni ma ina tsugunawa in gaida malamaina. Amma wa ya kai Usmanu ɗan Affan cancantar girmamawa? Muslim ya ruwaito cewa wani ya tsaya yana yabon sa a gabansa, sai Miƙdadu ya durƙusa ya riƙa watsa wa mutumin tsakuwa a fuska, yana kafa hujja da umarnin Manzon Allah (SAW). A Buhari da Muslim kuma, Annabi (SAW) ya kamanta mai zuga ɗan uwansa da wanda ya sare masa wuya.

Ban ce duk yabo haramun ne ba. Hadisin Abu Zarri ya nuna cewa wanda ya yi aiki don Allah, mutane suka yaba ba tare da ya nema ba, bushara ce aka gaggauto masa. Abin tsoron shi ne hadisin Abu Huraira a Muslim, kan mutum uku da za a fara jefawa wuta: wanda aka kashe a fagen fama, da mai ciyar da dukiya, da wanda ya nemi ilimi ya karantar, ya karanta Alƙur'ani don a ce masa malam. An kuwa ce masa. Mu masu riƙe da alli a Islamiyya, na ukun nan layinmu ne.